Tambayoyin Masu Karatu: Famfon Mai Ya Yi Shiru a Tsohuwar Bas Mai Ɗakin Kwana

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan mota iri ɗaya: ƙaramar bas ɗin Volkswagen mai inji a baya, wadda kamfanin Westfalia na Jamus ya riƙa sa wa gado da murhu da firiji da rufin da ake ɗagawa, Turawa suna yawon buɗe ido da ita suna kwana a ciki. Samfurin T3, wanda aka ƙera a Turai daga 1979 zuwa 1992, shi ne jikin da aka saba gani cikin motocin danfo a Legas, don haka ba baƙo ba ne ga masu kayan gyara a kasuwar Ladipo. Mun taƙaita tambayoyin don su samu wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da T3 ƙirar 1987, inji 2.1 mai injekta. Da can in na murɗa makulli nakan ji ɗan gurnani daga ƙarƙashin mota kafin in yi kik. Yanzu shiru, kik yana juyawa lafiya amma ba ta tashi. Bakanike ya ce in sayo sabon famfo. In saya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da sayen tukuna. Famfon shi ne na ƙarshe a layi, kuma akwai abubuwa da dama a gabansa da suka fi shi saurin lalacewa, suka kuma fi shi arha.

Yawancin injin 2.1 na wannan shekarar tsarin sarrafa mai na Digifant gare su, kuma ga yadda wuta take tafiya. A ɗakin inji, ɓangaren hagu kusa da kwayil, akwai baƙin akwatin roba mai rile biyu, wato ƙananan suwic da wuta ke kunnawa. In ka murɗa makulli, rile na farko zai kama ya ba ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, wuta. Ƙwaƙwalwar, wadda take ƙarƙashin kujerar baya, ita ke kama rile na biyu, wato na famfo, na kamar daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, sannan ta sake shi. Gurnanin da ka saba ji ke nan. Ba za ta sake kama shi ba sai ta ji daga distiributa cewa inji yana juyawa. Kada ka ɓata lokaci a akwatin fis da ke gaban direba, famfon wannan mota ba ta can yake shan wuta ba.

Fara da batir. In ya cika, mita za ta nuna folt 12.6 ko kusa da haka, kuma kada ya faɗo ƙasa da 10 lokacin kik. Daga nan buɗe akwatin rile, ɗora yatsa ɗaya a kan kowanne, wani ya murɗa maka makulli ba tare da kik ba. A mota mai lafiya duka biyun za su yi ƙas, sai ɗaya ya sake bayan ɗan lokaci. Wanda ya sake shi ne na famfo. In babu wanda ya motsa, matsalar tana can baya: suwic ɗin makulli, ko rile na farko, ko wayar da ke kawo musu wuta. In ɗaya kawai ya kama, to ka matso kusa da ɓarawon.

Cire rilen famfo ka juya shi, za ka ga lambobi a gindin ƙafafunsa. 30 ita ce wutar batir, kullum akwai ta ko makulli yana aljihunka. 87 ita ke fita zuwa famfo. 85 da 86 su ne na ɗan naɗin wayar da ke jan rilen, kuma tsakaninsu mita za ta nuna kamar om 60 zuwa 100. Ka samu guntuwar waya mai fis na amfiya 15 a tsakiyarta, ka haɗa ramin 30 da ramin 87 a soket. Abu biyu ne za su iya faruwa.

In famfo ya tashi, to shi da wayarsa lafiyarsu lau, laifin yana wajen rile ko wajen abin da ke ba shi umarni. Sa wani rile mai ƙafa huɗu irinsa, na amfiya 40, ka gwada. In sabon ma bai kama ba, auna ramin 86 da makulli a buɗe: dole a samu wutar batir. In akwai, saura umarnin ƙwaƙwalwa. Kashe makulli, cire babban soket ɗinta mai rami 25, haɗa rami na 3 da na 13, sannan ka buɗe makulli. In famfo ya yi gurnani, wayoyi ƙalau suke, ƙwaƙwalwar ce ba ta ba da umarni. Kafin ka yanke mata hukunci, je ka kankare wayoyin negatib masu ruwan ƙasa da aka ɗaure a kan injin ta hagu da kuma jikin bodi ƙarƙashin kwayil. Sau da yawa nan ne, kuma samfefa kawai yake ci.

In famfo bai tashi ba duk da gadar da ka yi, sai ka shiga ƙarƙashin mota. Yana maƙale a jikin shasi ta dama, wajen ƙofa mai ja, bayan tanki. A Syncro mai jan ƙafa huɗu tankin yana baya, don haka wurin ya bambanta. Abin da za ka auna a can yana cikin amsa ta gaba. Tokare motar da abin tokara na ƙarfe, kada ka dogara da jak kaɗai, ka ajiye abin kashe gobara kusa, kuma a raba ka da mai shan sigari.

Tambaya: Na cire waya daga jikin famfo na auna, mita ta nuna folt 12. Na mayar, famfo bai motsa ba. Na kai shi kan batir kai tsaye, ya juya. Wuta tana zuwa, famfo yana da rai, to me ya rage? Daga wani mai koyon wayarin a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, mitar ce ta yaudare ka, ko da yake ba ƙarya ta yi ba. Mita ba ta jan wuta kusan ko kaɗan, saboda haka ko silin waya ɗaya ne ya rage a cikin roba, ko tsatsa ta cinye mahaɗa, za ta nuna maka 12 cif. Famfo kuwa yana jan amfiya 4 zuwa 6. Yi lissafi: in tsatsa ta kawo cikas na om 1 kacal a hanya, a amfiya 5 ta cinye folt 5 ke nan, famfo ya tashi da 7. Kamar bututun ruwa ne da ya toshe saura ƙofar allura: in ka rufe bakinsa ƙarfi zai taru, da ka buɗe sai ɗigo.

Dokar ita ce a auna wuta kaya suna a haɗe, suna ja. Bar wayoyin a jikin famfo, yi gadar 30 da 87, ka sa mita a kan ƙafafunsa biyu. Abin da ka gani bai kamata ya gaza na batir da fiye da rabin folt zuwa folt ɗaya ba. In ya gaza, nemo ɓangaren da ke cinyewa. Ƙara wa mita doguwar waya, sa baki ɗaya a kan fozitib na batir, ɗayan a kan ƙafar famfo mai alamar +. Lambar da ta fito ita ce asarar layin kawo wuta, kuma kada ta wuce 0.5. Sannan baki ɗaya a ƙafar famfo mai alamar −, ɗayan a negatib na batir: nan kada ta wuce 0.2.

A T3 ɓangaren negatib ne ya fi ba da kunya. Gajeruwar waya ce mai ruwan ƙasa, an ɗaure ta da sukuru a jikin shasi dab da famfon, inda taɓo da ruwan damina ke dukanta, ga kuma gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, wanda motar ta kwaso kafin ta tsallako. Kwance sukurun, kankare ƙarfen har ya yi fari, yanke tsohon kan wayar in ka ga tagullar ta yi kore ko baƙi, matse sabo, ɗaure, sannan ka shafe saman da giris. Ka duba kuma faffaɗar wayar da ta haɗa hancin giyabos da bodi, da wadda ta haɗa batir da bodi a ƙarƙashin kujera.

Wanda ba shi da mita mai kyau yana iya sa ƙwan fitilar gaba mai wat 55 a madadin famfo. Yana jan kusan amfiya huɗu da rabi, daidai da nauyin famfon. In ya haska fes, layin yana ɗaukar kaya. In ya yi ja-ja kamar garwashi, akwai cikas. Ƙaramar testa mai ɗan ƙwai ba za ta nuna maka wannan ba. Yi wannan gwajin nesa da inda mai ke ɗiga.

Tambaya: Mai wayarin ya ja mini waya daga makulli zuwa famfo, ya ce an yi mata dairek, rile ba dole ba ne. Mota tana tashi. Akwai matsala? Daga wata Hajiya a Kumasi.

Amsa: Ranki ya daɗe, akwai, kuma babba ce. An sa ƙwaƙwalwa a tsakani ne domin famfo ya tsaya da zarar inji ya tsaya. In aka yi haɗari ko tiyo ya fashe, famfon da aka yi wa dairek zai ci gaba da feso kusan lita ɗaya a kowane minti a kan inji da salansa masu zafi, har sai wani ya tuna da makulli. Waɗannan motoci an san su da gobarar ɗakin inji, kuma a bas mai ɗakin kwana gado yana bisa injin ne, ga tukunyar gas ta girki a jikin motar. Ban da haka, suwic ɗin makulli ba a yi shi don ɗaukar wannan ƙarin nauyi ba, zai ƙone a hankali. Dairek ya halatta don a fitar da mota daga daji zuwa gareji. Ki sa ya cire wayar, ya bi matakan amsa ta farko.

Tambaya: Tawa tana tashi lafiya da safe. Bayan tafiyar kamar awa ɗaya cikin rana sai ta mutu, in ta huce ta sake tashi. Famfon kuma yana kuka da ƙarfi, ina jinsa daga kujerar direba. Daga wani mai karatu a Agadas.

Amsa: Malam, abu biyu ka kawo, kuma mai yiwuwa ba su da alaƙa da juna. A raba su.

Mutuwa da zafi sai an kama ta a lokacin da take faruwa, don in mota ta huce komai zai auna daidai. Haɗa ƙaramin ƙwai na folt 12 a ƙafafun famfo biyu, ja wayarsa zuwa inda za ka gan shi kana tuƙi, ka ɗaure wayar da kyau. Ranar da ta mutu, kalli ƙwan, ka kalli allurar da ke nuna juyin inji in motarka tana da ita.

In ƙwai yana ci amma inji ya shaƙe ya mutu a hankali, wuta tana isa, famfo ne ko mai. Ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar sukudireba yayin da wani ke kik. In ya farka, gawayin da ke cikinsa ya cinye, kuma babu gyara sai canji, domin a rufe aka yi shi. In allura ta faɗi ƙasa farat ɗaya alhali mota tana gangarawa cikin giya, sannan ƙwan ya mutu, to saƙon distiributa ne ya yanke. Akwai 'yar na'urar Hall a cikinta da ke aika wannan saƙo, mai soket na waya uku a gefe, robar soket ɗin tana tsagewa da tsufa wayoyin su taɓa jiki. In saƙon ya yanke, wutar fulogi da famfo suna ɗaukewa tare, shi ya sa ake ɗora wa famfo laifin da ba nasa ba. Alamarsa a tsaye: famfo zai yi gurnaninsa na farko in an buɗe makulli, amma babu wuta a fulogi lokacin kik. In kuwa fitilun dashbod ma sun ɗauke, ko girgiza makulli yana dawo da ita, suwic ɗin makulli ne. Ɗan abin roba ne a bayan ramin makulli. Ana iya zare soket ɗinsa, a soka sabon suwic, a murɗa shi da sukudireba don gwaji kafin a kwance sitiyari. In ƙwan kaɗai ya mutu komai na nan, taɓa rile. Wanda ya yi zafin da yatsa ba ya jurewa, bakinsa ya ƙone ko dalmar cikinsa ta tsage. Irin wannan tsagewar dalma tana samun ƙwaƙwalwar ma, kuma mai gyaran rediyo mai natsuwa yana iya sake narka ta.

Kuka kuwa yawanci yunwa ce. Wannan famfo gwani ne wajen turawa, rago ne wajen tsotsa, kuma man da ke ratsa cikinsa shi ke sanyaya shi. In tsatsar tanki ta toshe mafita, ko tiyon shiga ya lanƙwashe, sai ya riƙa haɗiyar tururi yana ƙara, ya yi zafi, ya ja wuta fiye da kima. Motar da ta yi shekaru a ajiye da rabin tanki, ko wadda ke shan man jarka a bakin hanya, ita ta fi kamuwa. Tsofaffin samfura suna da farar filtar roba mai kusurwa huɗu kafin famfo, a fara da ita. Buɗe murfin tanki ma a lokacin da yake kukan: in ka ji iska ta shige da ƙarfi kukan ya ragu, hanyar numfashin tanki ce ta toshe.

Gwaji uku ne ke yanke hukunci a kan famfo. Sa mita a ma'aunin amfiya 10 ko 20 tsakanin ramin 30 da 87: in ya haura 8, ko dai filtar gaba ta toshe ko famfon yana cijewa, in kuma ya yi ƙasa sosai, mai ba ya isa gare shi. Na biyu, cire tiyon da ke mayar da mai tanki daga bayan regileta mai daidaita ƙarfin turin mai, sa shi a kwalba mai awo, kunna famfo daƙiƙa 30: kada ya gaza rabin lita. Na uku, geji a mahaɗar gwaji da ke kan inji: ƙarfin turin mai ya zama bar 2 a silo, bar 2.5 in an zare siririn tiyon iska daga regileta. Famfon da ya ci waɗannan uku a bar shi a wurinsa. In ya faɗi, lambar Volkswagen ta asali ita ce 251 906 091. A yi hattara da famfunan tsofaffin Marsandi da Golf masu tsarin K-Jetronic: jikinsu ya yi kama, amma an yi su don bar 5, kuma sun fi jan wuta. Sabon famfo a kan tanki mai tsatsa ba ya daɗewa, a wanke tankin a canja filta rana ɗaya. Tunda an riga an shiga, a sabunta tiyoyin mai da irin na injekta mai faɗin ciki milimita 7, ba na kafireto ba.

Tambaya: Tawa tsohuwar ce, T2 ƙirar 1978 da aka kawo daga Amurka, mai injekta. Na sa sabon famfo, amma har yanzu in na buɗe makulli ba ya gurnani. Daga wani mai karatu a Yamai.

Amsa: Ba zai yi ba, Malam, haka aka ƙera ta. Tsarin L-Jetronic na bas ɗin Amurka daga 1975 zuwa 1979, da T3 na farko masu injekta da ke sanyaya inji da iska, ba ya kunna famfo da buɗe makulli kawai. Rile ne tagwaye cikin gida ɗaya a bangon ɗakin inji. Lokacin kik yana samun umarni daga wayar sitata mai lamba 50. In inji ya kama, iskar da yake zuƙa tana tura wani marfi a cikin ma'aunin iska, marfin ya haɗa wani ɗan suwic, shi ke riƙe famfon.

Gwajin mai sauƙi ne. Buɗe makulli, cire gidan filtar iska, tura marfin da yatsa ko tsinken katako. Famfo ya kamata ya tashi nan take. In ya tashi da kik amma bai tashi da marfi ba, motar za ta kama ta mutu da zarar ka saki makulli, kuma laifin yana ɗan suwic ɗin, tsakanin ƙafa ta 36 da ta 39 a soket ɗin ma'aunin. Babban tiyon iska da ya tsage tsakanin ma'auni da inji ma yana kawo wannan, don iska tana bi ta ɓarauniyar hanya marfin bai buɗe ba. In duka hanyoyin biyu shiru, auna ƙafar 88d ta tagwayen rilen, ita ce ke fita zuwa famfo.

Tambaya: Injina 1.9 ne mai kafireto. Famfon inji ya lalace, aka sa mini na lantarki, aka haɗa shi da batir na biyu mai ba firiji da fitilun ɗaki wuta. In muka kwana a hanya, da safe mota ba ta tashi. Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Firiji ya shanye batirin cikin dare, famfo ya wayi gari babu abinci. Batir na biyu na ɗaki ne, an raba shi da na inji da gangan don a iya ƙarar da shi mota ta tashi. Duk abin da inji ke buƙata don ya yi aiki, daga batirin inji zai sha.

A sake aikin haka. Waya mai kaurin 2.5 mm² daga batirin inji, fis na amfiya 10 dab da batirin, zuwa ƙafar 30 ta sabon rile. 87 zuwa famfo. 85 zuwa bodi. Saura 86, kuma nan ne ake bambanta gwani da mai kame-kame. In ka ɗauko ta daga wayar 15 ta kwayil, famfo zai yi ta aiki muddin makulli yana buɗe, mun koma matsalar Hajiya. Mafi kyau shi ne rile mai jin bugun kwayil daga ƙafa ta 1, irin wanda masu sa wa mota gas suke amfani da shi, yana yankewa in inji ya tsaya. Wasu suna ɗauka daga shuɗiyar wayar altaneta, wadda ba ta kawo wuta sai inji yana juyawa. Yana aiki, har da ribar cewa in bel ya tsinke mota za ta mutu, kuma a wannan inji bel ɗin ne ke juya famfon ruwa. Sai dai a Westfalia rilen firiji ya riga ya rataya a wannan waya, in aka yi mata yawa altaneta yakan yi jinkirin fara caji, kuma za ka buƙaci ɗan maɓallin dannawa don cika kafireto in mota ta daɗe a ajiye.

Tabbatar famfon na kafireto ne, mai bar 0.2 zuwa 0.3. Na injekta zai danne allurar kafireto mai ya malale. A ɗaura shi ƙasa kusa da tanki, da filta a gabansa. Tsohon famfon inji kuma a cire shi da sandarsa a toshe gurbin da faranti, don in fatarsa ta yage fetur yana gangarawa cikin baƙin mai.

Tambaya: Tawa dizal ce, 1.6. Ina famfonta na lantarki yake? Na duba ban gani ba. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Babu shi, Malam. Famfon injekta na Bosch da ke jikin inji shi ke tsotso mai da kansa daga tanki. Abin lantarki da ke hana ta mai shi ne ɗan solonoyid mai waya ɗaya a saman famfon. Buɗe makulli, zare wayar ka sake taɓa ta: za ka ji ƙas. In babu ƙas, auna ko folt 12 na zuwa. In wuta na zuwa kuma yana ƙas amma ba ta tashi, sa guntun tiyo da ake ganin cikinsa tsakanin filta da famfo, ka duba ko kumfar iska tana wucewa lokacin kik.